Ɗakin Bagaruwa na Gidan Majema

Akwai wani mutum a Damagaram da ake kira Tanimu, mataimakin fasto ne a wata ƙaramar ikkilisiya da ke bayan gari. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Labarin nan ba na Kirista kaɗai ba ne, kowa zai sami rabonsa a ciki.

Tanimu mayen karatu ne. In ka ajiye masa tuwo da littafi, to tuwon nan sai ya huce. Ya yi lisansi, wato digirin farko, a ilimin tauhidi, ya shafe shekaru yana hidima a ƙarƙashin wani tsohon fasto, yana wa'azi, yana duba marasa lafiya, yana sasanta mata da miji. Amma duk da haka ransa na wurin ƙarin karatu.

Da dattawan ikkilisiya suka ba shi shaida, sai wata babbar makarantar tauhidi da ke can gabar teku ta karɓe shi ya yi masta, wato digiri na biyu. Makarantar nan ba ta wasa. Dole ka iya karanta Nassi da harsunansa na asali, Helenanci da Ibrananci. Helenanci ya zo masa da sauƙi. Ibrananci kuwa, wai! Daga dama ake karanta shi kamar ajami, amma ba ya jin rarrashi. Tanimu ya sha wuya kafin ya tsallake.

Bayan shekarar farko sai hanya ta rabu biyu. Akwai ɓangaren hidima, na masu komawa kiwon ikkilisiya. Akwai kuma ɓangaren bincike, na masu hangen doktora da koyarwa. Tanimu ya zaɓi bincike ido rufe.

A wannan ɓangaren ba a ba ka takardar gamawa sai ka rubuta kundin bincike, wanda suke kira memuwar. Sai ka kawo abin da ba a taɓa kawowa ba, sannan ka tsaya gaban juri, wato malaman da ke yanke hukunci, ka kare shi. Wanda ya fi kowa a ajin, ana ba shi burs, wato tallafin karatu, ya wuce Turai ya yi doktora. Burs ɗin yana da iyakar shekaru, Tanimu kuwa yana bakin iyakar. In ya kuskure wannan karon, an rufe masa ƙofar ke nan.

Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake tafiya.

Abin da ya zaɓa ya bincika shi ne yadda Damagaram ta dā take riƙe baƙon da addininsa ya saɓa da nata, a zamanin da ake gina ganuwar Birni, lokacin da ayari ke saukowa daga Turabulus da raƙuma. Malamin da ke duba aikinsa, Dokta Ɗanjuma, ya ce batun ya yi kyau. Ya ce ya koma gida ya tambayi tsofaffi.

Tanimu ya dawo Damagaram ya shiga zaure-zaure. Aka ba shi ruwa, aka ba shi shayi, aka ba shi labari. Sai dai labarin iri ɗaya ne. Kowane tsoho kakansa ne ya ɗora tubalin farko na ganuwa. Da za a tara kakannin nan wuri ɗaya, ban san wanda zai miƙo musu laka ba. Tanimu ya cika takardu, amma shi kansa ya san babu sabon abu a ciki.

Matarsa Lami ma'aikaciyar jinya ce. Akwai wata tsohuwa a unguwar majema, Iya Kulu, da ciwon suga ya buɗe mata miki a ƙafa. Lami ce ke zuwa tana wanke mata, Tanimu ke kai ta a moto, wato babur, ya zauna a zaure yana jira cikin warin fata.

Da tafiya ta yi tafiya, Iya Kulu ta ce a daina barin mijin mutane a zaure kamar mai bin sawu, ya shigo. Ta sa masa suna Malamin da Ba Ya Alwala. Tsohuwa ce mai tsokana, amma tambayoyinta suna ba shi mamaki. Ba ta taɓa tambayarsa abin da mutane suka saba tambaya ba. Ita kullum maganar mutuwa take yi.

"Ɗana, in mutum ya rasu, ku me kuke faɗa a kansa?"

Ya gaya mata.

"Kowa da kowa ke iya yi, ko sai malami?"

"Kowa na iya addu'a, Iya. Amma an fi so fasto ya yi."

Ta gyaɗa kai.

Wata rana da hantsi, maza duk sun tafi wurin jima, Iya Kulu ta aiki Lami ta duba wata jikarta da ke zazzaɓi a maƙwabta. Ta dubi Tanimu.

"Ajiye alƙalamin nan. Kashe salular kuma. Zo ka riƙe ni."

Ya riƙe ta, tana dogara sanda, har can ƙuryar gidan. An sake ginin gidan duka da siminti, ban da ɗaki ɗaya na ƙasa, gajere, mai ƙofar itace. A nan ake ajiye bagaruwar da ake jeme fata da ita. Ta ciro makulli daga bakin zanenta ta buɗe, ta ce ya janye buhunan da ke jikin bango.

Da ya janye sai ga tudun ƙasa, dogo, an shafe shi sumul. Ba sai an gaya masa ba, kabari ne.

"Duba yadda ya kwanta," in ji ta.

Tanimu ya duba. Kabarin Musulmi kudu da arewa yake miƙewa, fuska na duban gabas. Wannan kuwa gabas da yamma ya miƙe.

Iya Kulu ta zauna a kan buhu ta ba shi labarin.

A zamanin da ake gina ganuwa, mai gidan nan sunansa Mamman Majemi. Yana da wani bawa, Habu, gwanin ɗinkin salka. Sai wani Bature ya biyo ayari zai koma arewa, yana neman mai gyara masa salkunan ruwa a hanya. Mamman ya ba da Habu aro. Habu ya tafi, shekaru suka wuce, har aka fid da rai.

Rannan sai ga shi ya dawo. Ya tsallake hamada, ya tsallake teku, ya zauna a ƙasar da ba mai kiransa bawa. Amma ya bar mata a gidan nan, Shatu, kuma ya yi mata alkawarin dawowa.

Sai dai ya dawo da abin da bai tafi da shi ba. Ya shiga addinin Almasihu a can.

"A ɗakin nan Mamman ya same shi a durƙushe yana addu'arsa," in ji Iya Kulu. "Ka san zamanin. Da maganar ta kai fada, wuyansa ne. Mamman ya tsaya ya dube shi, ya ja ƙofa ya rufe, ya koma wurin aikinsa. Har ya koma ga Allah bai buɗe baki ba."

Mamman ya 'yanta shi, suka ci gaba da jima tare. Da ciwon ajali ya kama Habu, ya roƙi abu ɗaya, a kwantar da shi yadda mutanen addininsa ke kwanciya. Ba a iya yin haka a maƙabarta. Mamman ya haƙa masa a ɗakin bagaruwa da hannunsa, ya gaya wa unguwa cewa Habu ya sake bin ayari. 'Ya'yan Habu kuwa ya haɗa su da nasa, ya ba su sunansa.

"Na Mamman na cikinsa ba su yi yawa ba, sun ƙare," in ji ta. "Mu da muka cika gidan nan yau, duk jinin Habu ne. Mazan ba su sani ba. Daga bakin tsohuwa zuwa kunnen tsohuwa maganar take tafiya. Ni 'yar gida ce, a gida aka aurar da ni, gwaggona ta gaya mini."

Ta dubi kabarin, ta ci gaba.

"Ina yi masa addu'a irin tawa, kakana ne. Amma tun da aka rufe shi ba a taɓa yi masa irin tasa ba. Abin yana damuna. Na ce kafin in tafi, ko sau ɗaya ne."

Tanimu ya durƙusa a gefen kabarin ya yi addu'a. Hawaye suka zubo masa, bai san lokacin da suka fara ba. Iya Kulu ta ce amin tare da shi.

Da suka fito ta mayar da makulli, sai ta riƙe hannun rigarsa.

"Na lura riga biyu gare ka, ɗana. Fasto na gaya wa. Ban gaya wa ɗan lakkwal, ɗan makarantar boko, ba."

"Na ji, Iya. Amana ce."

To, faɗin amana ba wuya. Ku biyo ni.

Tanimu ya koma makaranta ya miƙa abin da ya rubuta. Dokta Ɗanjuma ya karanta, ya kira shi ofis.

"Fasto Tanimu, aikin yana da tsabta. Amma duk abin da ke ciki an riga an faɗa. Da wannan za ka wuce, ba za ka yi fice ba. Burs kuwa ka manta da shi."

Maganar ta soki Tanimu. Shekarunsa, wahalar Ibrananci, Lami da ya bari da yara, duk suka taso masa lokaci ɗaya. Sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Dokta, da a ce an sami wani mai bin Almasihu a Damagaram tun kafin 'yan mishan su zo da shekaru masu yawa fa? Har da kabarinsa?"

Dokta ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Sake faɗa."

Tanimu bai ambaci suna ba, bai ambaci unguwa ba. Amma ya faɗi abin da ya isa. Tun bai rufe baki ba ya san ya yi kuskure.

Dokta ya miƙe yana kai da kawowa. "Wannan ba masta ba ce, doktora ce sukutum! Ka kawo hoton kabarin da muryar wanda ya ba ka labarin. Ni da kaina zan kai sunanka."

"An ba ni amana ne, Dokta."

"Sai ka sauya sunaye. Ƙa'idar bincike ta yarda da haka." Ya dawo ya zauna, ya sassauta murya. "Saurara, Fasto. Ba don burs kaɗai nake magana ba. Kullum ana ce mana mu baƙi ne a ƙasarmu, Turawa suka kawo mu jiya. Ga mutum ya riƙe bangaskiyarsa shi kaɗai har ya mutu. Bai cancanci a san da shi ba? Kai ne za ka sake binne shi?"

Kada ku ɗauka Dokta mugu ne. Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ta shiga Tanimu sosai.

Amma Tanimu ɗan Damagaram ne. Ya san sauya suna ba ya ɓoye kowa a garin da ake gane mutum da tarinsa. Gidan majema nawa ne aka sake wa gini aka bar ɗakin bagaruwa na ƙasa? Ɗaya ne. Memuwar kuwa yanzu a intanet ake sa shi. Mutum ɗaya ya karanta, gobe magana tana kasuwa.

Da aka yi hutu ya dawo gida da niyyar roƙon Iya Kulu. Ya gaya wa Lami cewa tsohuwar ta ba shi wata magana da za ta iya kai su Turai, amma ta hana shi rubutawa. Bai faɗa mata ko mece ce ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Lami tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Baban Wasila, ba zan yi maka ƙarya ba, ina so mu tafi. Na gaji. Ina so yaran nan su ga wani abu ban da abin da muka gani." Ta ɗago ta dube shi. "Amma ni nake wanke mata ƙafa. Ka yi abin da zan iya ci gaba da shiga gidan."

Washegari ya tafi unguwar majema, ya tarar da gidan a cike. Ashe an kawo gaisuwar auren Sakina, jikar Iya Kulu, malamar lissafi a wata makarantar gari. Wani abokin aikinta ne, sun daɗe suna son juna. Danginsa manyan gida ne a Birni, irin waɗanda ba sa aure sai sun tona asali har ƙasa.

A zaure, babban ɗan Iya Kulu, Alhaji Abba, yana zaune da baffannin yaron, yana jero musu kakanni da alfahari.

"Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har kan Mamman Majemi. Mu 'ya'ya ne tun fil azal. Ku tambayi duk Birni!"

Baffannin suna gyaɗa kai. Tanimu ya gaishe su ya wuce ciki.

Ya sami Iya Kulu a ɗakinta. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da ita.

"Iya, maganar nan... da a ce an sauya sunaye, an sauya unguwa..."

Ta dube shi. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba shi kunya ke nan.

"Ɗan lakkwal ne ya zo yau," in ji ta. "Ba zan iya riƙe hannunka ba, ɗana. Magana ta fita daga bakina, tana wurinka. Amma leƙa tsakar gida."

Ya leƙa. Sakina na tsaye cikin gwaggonninta, ana gardamar launin atamfa, tana dariya har tana riƙe ciki.

"Kalma ɗaya mutanen zauren can za su ji, bawa," in ji tsohuwar. "Ba sai sun ji ta biyun ba. Za su tashi su kaɗe riguna."

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Iya. Ban tambaya ba."

"Ban ji komai ba. Ka ci goron gaisuwa kafin ka tafi."

Ya koma makaranta ya gaya wa Dokta ba zai sa labarin ba. Dokta ya lallashe shi, ya yi faɗa, ya sake lallashi, daga baya ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a.

Ranar kare memuwar ta zo. Juri suka zauna, Tanimu ya tsaya cikin kwat ɗin aro ya yi bayani. Aka yi tambayoyi, ya amsa. Da aka zo kan Dokta Ɗanjuma sai ya ce, "Ina so juri su sani, wannan ɗalibi yana da abin da zai ɗaga aikin nan sama, ya ƙi sa shi."

Shugaban juri ya dubi Tanimu ta saman tabarau. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo ka ɓangaren bincike, in za ka gano abu ka ɓoye?"

"Ban gano shi ba, ranka ya daɗe. Ba ni aka yi. Kuma ba don in rubuta aka ba ni ba."

Suka fita suka yi shawara, suka dawo. Ya ci, amma da maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Burs ya tafi hannun wani.

Ba zan ce muku Tanimu ya fito yana murmushi ba. Ya ji ciwo ƙwarai. A cikin motar da ta dawo da shi gida ya juya fuska wajen taga ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa.

Ikkilisiya ta tura shi wani ƙauye a bayan Tirmini, wurin 'yan gidaje kaɗan na manoma da majami'ar ƙasa mai rufin kwano. Mutumin da ya iya Helenanci ya koma noman gero da gyaɗa, yana wa'azi ga mutanen da rabinsu ke gyangyaɗi saboda gajiyar gona. Ya so su, su ma sun so shi. Amma ranar da ya ga hoton abokin karatunsa a salula, sanye da rigar doktora a Turai, bai iya cin abinci ba. Akwai ranakun da ya tambayi kansa ko wauta ya yi.

Lami ta ci gaba da shiga gari tana wanke ƙafar Iya Kulu. An yi bikin Sakina lafiya, ta tare. Wata rana tsohuwar ta ce, "Ni kam 'yata, ina maganar tafiyarku Turai?"

"Allah bai yi ba, Iya."

"Allah ne bai yi ba, ko mijinki ne bai yi ba?"

Lami ta ci gaba da naɗa bandeji.

Shekaru suka shuɗe. Sakina ta haihu, ta sake haihuwa. Furfura ta fito wa Tanimu. Sai Iya Kulu ta rasu. Ya je ya yi ta'aziyya, ya zauna a zaure tare da kowa, ya dawo ƙauye yana ganin maganar ta bi ta kabari.

Bayan an yi sadakar arba'in, yana gona yana cirar gyaɗa, sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Alhaji Abba ne ya fito, ya tattaro babbar riga, ya ratso kunya-kunya har inda yake. Suka gaisa, suka zauna a gindin gawo.

"Fasto, kafin Iya ta cika ta tara mu. Maza da mata, har da mijin Sakina. Ta gaya mana wanda ke kwance a ɗakin bagaruwa."

Alhaji ya gyara zama, ya ci gaba.

"Wallahi na yi fushi. Ni da nake jero kakanni a zaure! Na ce Iya, me ya sa za ki tona mana asiri ki tafi ki bar mu da shi? Ka san abin da ta ce? Ta ce, akwai wanda ba jininku ba, ba addininku ba, ya ajiye Turai da doktora don kada 'yarku ta ji kunya. Ku kuwa jininsa ne, kuna jin kunyar mutumin da ya bar 'yanci ya tsallako hamada don ya cika wa matarsa alkawari. Ta ce, ku gaya mini wanda ya fi shi asali a Birni."

Alhaji ya share ido da bakin riga.

"Ba kowa ya karɓa ba. Ƙanena ɗaya har yau ba ya shiga gidan. Surukan Sakina sun yi ta ƙananan maganganu. Amma mijinta ya ce jinin nan yana jikin 'ya'yansa, duk mai zaginsa shi yake zagi. Sai aka yi shiru."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin nan ya ajiye a tafin Tanimu.

"Ka zo ka rubuta. Da sunayenmu, kada ka sauya ko ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka rubuta Habu ka bar Mamman."

Tanimu ya dubi makullin ya yi dariya, hawaye na zuba. "Alhaji, burs ya wuce tun tuni. Dubi kaina."

"Ni ban san burs ba, Fasto. Na san dai ɗakin yana nan, kuma kai kaɗai Iya ta ce a ba."

Tanimu bai je Turai ba, wannan ta riga ta wuce. Amma makarantarsa ta dā ta buɗe doktora ga fastocin da ke kan aiki, suna zuwa suna komawa. Ya nema, aka karɓe shi. Dokta Ɗanjuma ya tsufa, yana shirin ajiye aiki, amma ya ce shi zai duba wannan.

Kuma abin mamaki, zauren da a dā ake ba shi shayi da tatsuniyar ganuwa, yanzu kiransa ake yi. Labari ya zaga cewa Faston nan yana da zurfin ciki. Tsofaffi suka riƙa ba shi abin da ba su taɓa ba wani mai bincike ba. Wanda aka ce ya rubuta, ya rubuta. Wanda aka ce ya riƙe, ya riƙe.

Ranar da ya tsaya gaban juri karo na biyu, Dokta Ɗanjuma ya nemi magana kafin kowa.

"Shekarun baya na tsaya a ɗakin nan na kai ƙarar wannan ɗalibi. Kundin da ke gabanku labarin wani majemi ne da ya riƙe amana har kabari. Da ya ba ni abin da na nema a lokacin, da ya rubuta labarin amana da hannun da ya ci amana. Ni na yi kuskure."

A layin gaba akwai baƙin da ba a saba gani a wurin ba. Dattawa da manyan riguna da carbi, tafin hannunsu ya rine da aikin jima, da wata mata da goyo, wato Sakina. Sun yi doguwar tafiya a mota. Alhaji Abba ba ya jin Faransanci, tun da aka fara yake gyangyaɗi, Sakina na taɓa shi.

Da aka gama, shugaban juri ya dubi layin ya ce, "Fasto, ba ka gabatar mana da baƙinka ba. Su wane ne?"

Tanimu ya buɗe baki zai ce maƙwabta ne. Sakina ta raɗa wa baffanta abin da aka tambaya. Alhaji Abba ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda yake yi a zaure.

"Mu ne jikokin Habu."

Darasi: Ba duk abin da ya shiga kunnenka ne naka ba. In mutum ya buɗe maka cikinsa don ya yarda da kai, kada ka mayar da sirrinsa tsanin hawa, ko da digiri ne a saman, ko da dama ce da ba za ta dawo ba. Ilimin addini da ba ya hana mutum cin amana bai kai ko'ina ba, a majami'a aka koye shi ko a masallaci. Riƙon amana yana da ciwo, kuma sakamakonsa yakan yi jinkiri, amma yana zuwa da mutuncin da takarda ba ta bayarwa. Ku tura wa ɗalibai da malamai da duk wanda mutane ke kai wa damuwarsu, wataƙila akwai mai riƙe da maganar wani yau yana shawarar sakinta.